Ɗinkin Kwalba: Darasi a Kan Gilashin Rumawa

Ɗauki ko wace kwalba da ke kusa da kai, ta magani ko ta lemo ko ta man shafawa, ka ɗaga ta wajen haske, ka bi jikinta da ɗan yatsa. Za ka ji wani siririn layi ya taso tun daga wuya har gindi. In ka juya ta kuma, sai ka sami ɗan'uwansa a ɗaya gefen, kamar ɗinkin riga. Yawancinmu mun yi shekara da shekaru muna riƙon kwalabe ba mu taɓa lura da shi ba. To, wannan ɗinki shi ne mafarin darasinmu na yau, gama shi ne tabon wata dabara wadda aka gano a gaɓar ƙasar Sham kusan shekara 2,000 da suka wuce, cikin zamanin mulkin Rumawa, watau dabarar hura gilashi cikin akwatin yumɓu.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. In mun kai ƙarshen darasin nan za ku ga yadda waɗansu masu sana'a suka so su ƙaryata wannan karin magana, ku kuma yanke wa kanku hukunci ko sun ci nasara.

Gilashi Kafin a San Huri

Gilashi ya girmi Rumawa nesa ba kusa ba. Tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa mutanen Masar da na ƙasar da a ke kira Iraƙi yanzu suna yin 'yan kwalaben turare da na kwalli. Amma ba hura su su ke yi ba. Wanda ya taɓa ganin yadda a ke yin tandu ba zai sha wuyar gane hanyarsu ba. Mai tandu ya kan gina siffar da ya ke so da yumɓu, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙiyar fata, in ta bushe ya farfasa yumɓun ya zazzage. Haka su ma su ke yi. Sai su cura yumɓu da kashin dabbobi a bakin sandar ƙarfe, su nannaɗe curin da narkakken gilashi, in ya huce su ƙwaƙule yumɓun. Aiki ne mai cin lokaci ƙwarai, kwalbar kuwa ba ta kan yi girma ba. Saboda haka gilashi ya zama kayan sarakuna da manyan attajirai, a na lissafa shi kusa da duwatsu masu daraja. Talaka dai sai tukunyar ƙasa da akushi.

Yashi da Kanwa

Da me a ke yin gilashin? Da abu uku: yashi, da kanwa, da farar ƙasa. Yashi shi ne jigo, ya kan kai kamar kashi 70 cikin 100. Amma yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai da zafin da wutar itace ba ta iya kaiwa. Amfanin kanwa ke nan, ita ke sa shi ya narke da wuri, a wajen digiri 1,100, alhali kuwa ruwa a digiri 100 ya ke tafasa. Farar ƙasa kuwa ita ke ƙarfafa gilashin don kada ruwa ya cinye shi. Masagan Bida ma, masu yin ƙarau da duwatsun wuya, da yashi da kanwa kakanninsu su ke haɗa nasu gilashin kafin kwalaben Turai su yawaita.

Rumawa suna samun kanwarsu daga Masar, musamman daga wani kwari mai tafkunan gishiri da a ke kira Wadi Natrun. Yashi mafi suna kuwa shi ne na bakin wani ɗan kogi, Belus, kusa da birnin Akka a gaɓar Bahar Rum. Yashin nan a gauraye ya ke da garin ɓawon ƙananan halittun teku, irin su wuri, watau farar ƙasarsa tana cikinsa tun asali, ba sai an ƙara ba.

Wani malamin Rumawa mai suna Pliny, wanda ya rasu a shekara ta 79, ya ba da labarin cewa waɗansu fataken kanwa ne suka sauka da jirginsu a bakin kogin nan, suka nemi duwatsun murhu suka rasa, sai suka girke tukwanensu bisa curin kanwa. Da wuta ta kama, sai suka ga wani ruwa mai ƙyalli yana malala daga ƙarƙashin tukwanen. Labarin da daɗin ji, amma almara ce, don wutar girki ba ta kai wannan zafi, gilashi kuma ya riga ya daɗe a duniya. Duk da haka almarar ta faɗi kayan haɗin daidai, ta kuma faɗi wurin daidai.

Ku lura da abu guda. Masu dafa gilashi dabam, masu ƙera shi dabam. A Masar da Sham a ke dafa ɗanyen gilashi cikin manyan matoya, a bar shi ya huce, a farfasa shi ƙulli ƙulli, a loda a jiragen ruwa a kai wa masu sana'a ko ina cikin daular. A wani wuri da a ke kira Bet She'arim, a ƙasar Galili, an sami wani falalen gilashi guda wanda dahuwarsa ta ɓaci aka bar shi nan. Tsawonsa ƙafa 11, faɗinsa ƙafa 6 da rabi, nauyinsa kusan tan 9. Na bayan zamanin da mu ke magana ne, amma ya isa ya nuna mana girman aikin.

Huri

Wajen shekara 50 kafin haihuwar Annabi Isa aka gano cewa in gilashi ya yi taushi a wuta, a na iya hura masa iska ya kumbura kamar mafitsarar rago. Shaida mafi tsufa ta wannan an tono ta ne a tsohon birnin Ƙudus, cikin jujin wani mai sana'ar gilashi, inda aka sami 'yan bututun gilashi waɗanda aka toshe bakinsu aka hura. Daga baya aka koma amfani da dogon bututun ƙarfe. Mai huri ya tsoma bakin bututun cikin narkakken gilashi, ya ɗebo curi kamar yadda a ke ɗebo zuma da tsinke, ya hura, ya juya, ya karkaɗa, ya gyara da awartaki. Abin da dā ke cin yini guda, yanzu kafin a dafa shayi an gama.

Abin ya zo a kan gaɓa. Kaisar Agustas, wanda ya yi mulki daga shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa har shekara ta 14 bayanta, ya kashe wutar yaƙin basasa, ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum duka suka koma ƙarƙashin tuta ɗaya, fatauci ya buɗe. Nan da nan sana'ar ta bazu har Italiya. Strabo, wani malamin labarin ƙasa na zamanin nan, ya rubuta cewa a birnin Rum mutum na iya sayen tambulan da kuɗin jan ƙarfe guda.

To, araha ta samu. Saura ado. Gama kwalbar da aka hura a sarari sumul ta ke fita, ba zane, ba rubutu, kuma da wuya a sami biyu da suka yi daidai da juna. Attajiri na shan abin shansa cikin kofin azurfa wanda maƙerin fari ya yi makonni yana yi wa zanen ganye da furanni. Yaya za a yi mai ƙaramin ƙarfi ya sami irin wannan zane a kan gilashi?

Akwatin Yumɓu

An sami amsar cikin shekarun farko na ƙarni na 1, wajen zamanin Kaisar Tibariyas, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa ta 37. Dabarar ita ce a daina hura gilashin a sarari, a hura shi cikin wani abu mai rami wanda zai ba shi siffa. Ku tuna da tandar waina. Ko wace waina siffar gurbinta ta ke ɗauka, ko wa ya zuba ƙullin. Abin nan mai rami za mu kira shi akwati, domin buɗe shi a ke yi a rufe. Da gasasshen yumɓu a kan yi shi galibi, wani lokaci da dutse. Ga yadda aikin ya ke tafiya.

Da fari, gwani ya shirya akwatin, ɓangare biyu, ko uku, ko huɗu, har da na gindi. A jikin bangon ciki a ke yin zanen, amma a birkice. Inda a ke so zane ya taso a jikin kwalba, nan a ke yin rami a jikin akwati. Rubutu kuma sai a yi shi baibai, kamar na hatimi. Akwai kwalaben da aka samu da haruffansu a juye, domin mai akwatin ya manta ya rubuta daidai yadda ya saba.

Na biyu, mai huri ya ɗebo gilashi a bakin bututu, ya mirgina shi bisa falalen dutse, ya ɗan hura har ya yi kamar ƙwai.

Na uku, ya zura ƙwan nan cikin akwatin, yaronsa ya haɗa ɓangarorin ya riƙe gam. Sai ya hura da ƙarfi. Iska ta tura gilashin ya manne da bango, ya shiga ko wane ɗan rami. A nan ba a juya bututu, in an juya zanen ya goge. Ba a kuma nawa, da zafi zafi a kan bugi ƙarfe. In gilashin ya huce kafin ya kai bango, zanen ba zai fito sosai ba.

Na huɗu, yaro ya buɗe akwatin, a fid da kwalbar da zanenta. Dalilin da ya sa a ke yin akwatin ɓangare ɓangare ke nan, don in guda ne, zanen da ya taso zai maƙale, kwalbar ta ƙi fita. Inda ɓangarorin suka haɗu kuwa, gilashi ya kan ɗan kutsa cikin tsagar. Ɗinkin da kuka ji da yatsa ke nan.

Na biyar, a gyara baki, a liƙa mariƙi da hannu tun gilashin na da zafi, sa'an nan a sa kwalbar cikin wani ɗaki na matoya mai ɗumi ta huce sannu sannu. In ta huce da gaggawa sai ta tsage, ko da ba a taɓa ta ba.

Kun ga inda gwanintar ta koma. Dā tana bakin mai huri da hannunsa, ko wace kwalba sai ya sake nuna ta. Yanzu rabinta ta koma cikin akwati. Gwani ya yi wahalar zane sau ɗaya, akwatin ya yi ta haihuwar zanen har ran da ya fashe. Daga wannan abu uku suka samu waɗanda ba a san su a gilashi mai araha ba: ado, da suna, da awo. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Ado

Da ya ke akwati na iya ɗaukar ko wace siffa, masu sana'ar sai suka saki jiki. Sun yi 'yan kwalaben turare masu kamar dabino, da launinsa ja-ja da tamojinsa, har mutum ya yi tsammani na ci ne. Sun yi masu kamar nonon inabi, da masu kamar kifi, da masu kamar kan mutum, waɗansu ma fuska biyu gare su, gaba da baya. Sun yi 'yan kwalabe masu gefe shida, ko wane gefe da hoton tsuntsu, ko ɗan itace, ko buta. Launi kuwa daga garin ƙarafa ya ke zuwa. Ɗan baƙin ƙarfen da ke cikin yashi shi ke sa gilashi ya yi tsanwa-tsanwa. In an ƙara wani ƙarfe da a ke kira kobal sai ya yi shuɗi kamar baba, in manganis ne ya yi shunayya.

Akwai kuma kofuna masu rubutu da harshen Yunananci, wanda shi ne harshen kasuwa a gabashin daular. Wani a rubuta masa gaisuwa, wani a ce wa mai sha ya yi murna, wani a yi masa fatan nasara.

Waɗanda suka fi ban sha'awa su ne kofunan wasanni, waɗanda aka yi tsakanin shekara ta 50 da ta 80, aka fi samunsu a yammacin daular, watau Faransa da Ingila da maƙwabtansu. Rumawa mutane ne masu son kallon tseren karusa da faɗan 'yan takobi, kamar yadda samarin yanzu ke son ƙwallo. A garin Colchester na Ingila an tono wani kofi cikin kabari, yana gidan ajiye kayan tarihi na British Museum a London. A jikinsa ga karusa huɗu, ko wace da dawaki huɗu, a bisa kuma ga sunayen mahayan: Hierax, Olympus, Antilocus, da Cresces. Ukun farko an rubuta musu kalmar sallama, Cresces kuwa kalmar gaisuwar girma, don shi ya ci tseren. A waɗansu kofunan sunayen 'yan takobi ne, a cikinsu har da Spiculus, wanda Kaisar Nero ya so ƙwarai har ya ba shi gidaje da filaye. Ku duba fa. Sojan da ke tsaron iyaka cikin sanyin Ingila, wanda watakila bai taɓa ganin birnin Rum ba, ga shi yana shan abin sha da sunan gwaninsa a hannu.

Suna

A cikin masu wannan sana'a ba wanda ya kai wani mutum mai suna Ennion, wanda ya yi aiki cikin rabin farko na ƙarni na 1. Masana sun fi ƙarfafa cewa a birnin Saida ya ke, a gaɓar ƙasar Labanan ta yau, birnin da Pliny ya yaba da sana'ar gilashi. Ennion ya yi kofuna masu mariƙi biyu, da butoci, da 'yan kwalabe masu gefe shida. Zanensa ganyen inabi ne, da na dabino, da saƙar zuma, da siraran layuka a jere, duka tsaf tsaf kamar aikin azurfa. Gwanintarsa har ta kai ya kan shirya zanen yadda ɗinkin zai faɗa cikin wani layin ado, sai mai neman sa da gangan ya gan shi.

Amma abin da ya sa mu ke kiran sunansa yau shi ne, ya rubuta sunan a cikin akwatin. A tsakiyar zanen ya kan yi ɗan allo, a ciki a rubuce da Yunananci cewa Ennion ne ya yi. A bayan waɗansu kofunan kuma ya ƙara addu'a, cewa a tuna da mai saye. Ashe tun a wancan zamani ɗan kasuwa ya san daɗin baki. Ko wane kofi ya fito daga akwatin nan da sunan ya ke fitowa, ya tafi inda mai shi bai taɓa zuwa ba.

Abin da ya rage na aikinsa mai suna, duk da gutsattsari, hamsin ne da 'yan kai. Amma ku dubi inda aka same su: Sifen, da arewacin Italiya, da gaɓar ƙasar Kuroshiya, da tsibirin Ƙubrus, da Sham, har arewacin Bahar Aswad. Yawan waɗanda aka samu a arewacin Italiya ya sa waɗansu masana suka ce ƙaura ya yi can, waɗansu kuwa suka ce fatake ne suka kai. A Ƙudus an tono wata butarsa cikin kangon wani babban gida wanda ya ƙone sa'ad da Rumawa suka ci birnin a shekara ta 70. Zafin gobarar ya lanƙwasa ta, amma sunan na nan a na karantawa. A watan Disamba na 2014, gidan kayan tarihi na Metropolitan a birnin New York ya tara aikinsa daga ƙasashe dabam dabam, ya buɗe nuni na musamman da sunansa.

Waɗansu ma sun bi sawunsa suna sa suna, kamar Jason, da Meges, da Neikais, da Aristeas wanda ya kira kansa mutumin Ƙubrus. Wannan shi ne kakan tambarin da mu ke gani yau a gindin kwalba.

Awo

Na uku ba shi da kyaun gani kamar na farko, amma ya fi su amfani. Ita ce kwalba mai kusurwa huɗu, mai kauri, mai gajeren wuya da faffaɗan mariƙi, launinta tsanwa-tsanwa. Akwatinta ba wuya, falle huɗu ne na dutse ko na yumɓu da na gindi, a kan zana da'ira ko haruffa a na gindin. Tun daga tsakiyar ƙarni na 1 har ƙarni na 2 da bayansa an yi su ba iyaka, har da wuya a tona sansanin sojan Rumawa na zamanin a rasa gutsurensu.

Me ya sa aka so su haka? Ku gwada jera ƙwarya goma cikin sanduƙi, sa'an nan ku jera tubalin bulo goma. Mai kusurwa ba ta ɓata wuri, ba ta mirginawa, tana jingina da 'yar'uwarta. Ga shi kuma kwalaben da suka fito daga akwati guda cikinsu kusan ɗaya ne, mai saye da mai sayarwa duk sun san abin da a ke ciniki a kai. Har wa yau gilashi ba ya tsotse mai kamar tulun ƙasa, ba ya riƙe wari, ba ya sāke ɗanɗanon abin da aka zuba, a na kuma ganin abin da ke ciki. In an wanke sai a sake zuba wani abu. A garin Pompeii, wanda dutsen Vesuvius ya binne da toka a shekara ta 79, an sami irin kwalaben nan da yawa a gidajen mutane.

In kwalba ta fashe ma ba a yar da ita. Wani mawaƙin Rumawa, Martial, ya ambaci 'yan koli masu yawo a birnin Rum suna karɓar fasassun gilasai, suna ba da tsinkayen farar wuta na kunna wuta a madadinsu. A bakin tekun Grado, a arewacin Italiya, an sami wani jirgi da ya nutse cikin ƙarni na 2, a cikin kayansa har da ganga cike da fasassun gilasai za a kai a narke.

Araha Ta Yi Ado?

Yanzu mu koma ga karin maganarmu. Ta wani gefe, lalle akwati ya ƙaryata ta, tun da ya sa zanen azurfa a hannun wanda ba shi da kuɗin azurfa. Amma ta wani gefen tana da gaskiyarta. Akwati ba ya gyara kuskure, maimaita shi ya ke yi. In ya tsage, ko wace kwalba da tabon tsagar za ta fito. In ya tsufa, zanen ya dushe. In rago ya kwaikwayi akwatin gwani, sai a sami zane ya yi dagwalgwalo, ɗinki ya yi kauri. Kafin ƙarshen ƙarni na 1 yayin kofuna masu zanen akwati ya ja baya, masu hali suka koma ga gilashi garau marar launi wanda a ke yi wa zane da dutsen wāshi, ɗaya ɗaya, da hannu. Abin da kowa ke iya saye ba ya daɗewa yana burge attajiri. Kwalba mai kusurwa huɗu kuwa, wadda ba ta taɓa neman burge kowa ba, ita ta daɗe.

Wannan hali na akwati, na maimaita ko da kuskure, ya zama alheri ga masu binciken tarihi. In an sami gutsure a wata ƙasa, aka sami wani a wata ƙasa mai nisa, aka ga zanensu ɗaya, ɗinkinsu wuri ɗaya, har ɗan tabon tsaga ɗaya, to, an san daga akwati guda suka fito. Da haka a ke bin sawun fatake waɗanda ba su bar ko layi guda na rubutu ba. Gilashin Rumawa kuwa ya yi tafiya har bayan iyakar daularsu. An same shi a Begram ta ƙasar Afganistan, an kuma same shi cikin kaburburan Jarma a Fazzan, tsakiyar Sahara.

Bayan Rumawa

Daular ta faɗi, dabarar ba ta faɗi ba. A ƙarshen ƙarni na 6 da farkon na 7 masu sana'a a Ƙudus suna hura 'yan kwalabe masu gefe shida domin masu ziyara, waɗansu da alamun Kirista, waɗansu da na Yahudawa. Masu gilashi na ƙasashen Musulmi, a Masar da Sham da Farisa, suka gāji sana'ar suka ƙara mata nasu zane. A shekara ta 1903 wani Ba'amurke mai suna Michael Owens, a garin Toledo, ya ƙera injin da ke hura kwalabe da kansa. Akwatin ya zama na ƙarfe, iskar inji ta maye gurbin numfashin mutum, amma har yau akwatin buɗewa ya ke yi ya rufe, don haka har yau ɗinkin na nan.

Abin Gwadawa

Gani ya kori ji. Ku sami yumɓu mai laushi ku yi curi biyu. Ku shafa wa busasshen dabino ɗan mai, ku danna rabinsa cikin curi ɗaya, ku shafa mai a fuskar yumɓun, ku rufe da ɗaya curin. Ku raba su a hankali, ku cire dabinon, ku bar su su sha iska. Sa'an nan ku cusa ɗanyen yumɓu ko kakin zuma a ramin, ku haɗa ku matse, ku buɗe. Za ku ga dabino da tamojinsa, ku kuma ga ɗinki ya kewaye shi. Ku yi biyar, ku jera su, ku nemi tabon da ya fito a jikin dukansu.

Tambayoyi

1. Faɗi abu uku da a ke haɗawa a yi gilashi, da amfanin ko wane.
2. Don me a ke yin akwatin huri ɓangare ɓangare?
3. Rubuta sunanka yadda za ka zana shi cikin akwati don ya fito daidai a jikin kwalba.
4. Me ya sa fatake suka fi son kwalba mai kusurwa huɗu?
5. Nemo kwalabe uku iri dabam dabam, ka duba inda ɗinkin ko wace ya bi, ka faɗi ɓangare nawa akwatinta ya ke da shi.